Waƙar Hausa ba za ta ci gaba da kiɗan aro ba

1/ Bari in faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai: yawancin abin da muke kira sabon salo a waƙar Hausa yanzu, kiɗan amapiano ne na Afirka ta Kudu aka ɗora wa baitin soyayya. Aro ne, malam. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

2/ Da ma mun saba. Shekara da shekaru muna kan fiyano ɗaya da autotune, muna bin karin fina-finan Indiya. Yanzu mun sauka daga motar Indiya mun hau ta Legas, wai mun waye. Haba!

3/ Ku duba su ’yan Legas ɗin. Asake da fuji na Yarbawa ya cusa cikin amapiano, duniya ta ji abin da ba ta saba ji ba. Nasu suka gyara suka sayar. Mu kuma muna sayen nasu muna jin kunyar namu.

4/ Ga wanda ya fi ciwo: Mdou Moctar na Nijar a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da autotune irin namu. Daga baya ya riƙe jitar Abzinawa gam. Yau Amurka da Turai yake zagayawa.

5/ Kuma me muka rasa? Shata da kalangu ya yi zamaninsa har ya rasu a 1999. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Barmani Choge da ƙwarya. Ɗanƙwairo da kotso. Kalangu fa magana yake yi, ana matsa shi a hammata ya bi hawa da saukar muryar Hausa. Wace manhaja ce ta zo da wannan?

6/ Za ku ce “to mu koma zamanin da kenan?” A’a. Ba cewa na yi a jefar da kwamfuta ba. A shigo da makaɗi situdiyo, a ɗauki kiɗansa da kyau, a yanka, a haɗa da bas, a sa sunansa, a BIYA shi.

7/ Matsalar a nan take. Furodusa ya san saukar da bit kyauta ne, makaɗi kuwa sai an sallame shi. Mu kuma muna rawa da waƙa amma muna raina gidan makaɗa, muna ce musu maroƙa. Wane yaro zai gaji sana’ar da ake hana shi aure saboda ita?

8/ Kuma lokaci na ƙurewa. Manhajojin AI irin su Suno suna haɗa waƙa cikin minti kaɗan. In kwaikwayo ne sana’arka, na’ura ta fi ka sauri, ta fi ka araha. Abin da zai tsira shi ne sautin da sai a wajenka ake samu.

9/ Mawaƙanmu, ku nemi tsofaffin makaɗan nan tun suna raye. Wanda ya san furodusan da ke saka kalangu ko gurmi na gaske, ya ajiye sunansa a ƙasa mu je mu saurara.