Lasisin tuƙa jirgin sama a Amurka: jarrabawar dala 150 da ta koma ta dubbai

A watan Yulin 2014 cibiyoyin rubuta jarrabawar matuƙa jiragen sama a Amurka sun ga cunkoson da ba su saba gani ba. Kowa na son ya zauna jarrabawar lasisi mafi girma, wanda ake kira ATP, kafin ranar 31 ga wata. Wanda ya shiga kafin wannan rana kuɗin rajista kawai zai biya, kimanin dala 150, ya yi karatunsa a gida, ya samu maki 70 cikin 100, shi ke nan. Wanda ya makara da kwana ɗaya kuwa, ba zai ko ga takardar tambayoyi ba sai ya kammala wani kwas na musamman da kuɗinsa ke kaiwa dala 4,000 zuwa 5,000.

Fiye da shekara goma bayan haka, ana ci gaba da ja-in-ja kan wannan sauyi da dokar da ta haife shi. Kamfanonin jirage na cewa an tsawwala, ƙungiyoyin matuƙa na cewa kada a taɓa ko wasali ɗaya. Kowane ɓangare yana da gaskiya a wani wuri, kuma kowanne yana da abin da yake karewa a aljihunsa.

Asalin maganar hatsari ne. A daren 12 ga Fabrairun 2009 wani jirgin kamfanin Colgan Air mai lamba 3407, da ya taso daga Newark zuwa Buffalo a jihar New York, ya faɗa kan wani gida yana dab da sauka. Mutum 50 suka mutu, 49 a cikin jirgin, ɗaya a cikin gidan. Binciken hukumar da ke bin diddigin haɗurran sufuri ta ƙasar ya nuna cewa gudun jirgin ya ragu har fukafukansa suka kusa kasa ɗaukarsa. Sandar tuƙi ta fara karkarwa, wato gargaɗin da aka gina a cikinta. Abin da ake koya wa matuƙi a irin wannan hali shi ne ya sunkuyar da hancin jirgi ya ƙara wuta. Kyaftin ɗin sai ya ja sandar baya, ya ɗaga hancin sama. Da na'urar jirgin ta tura sandar gaba da kanta don ta ceci lamarin, ya sake rinjayarta.

Sauran abin da binciken ya tono ya fi tayar da hankalin jama'a. Kyaftin ɗin ya sha faɗuwa gwajin tuƙi a baya, kuma bai bayyana wa kamfanin dukkansu ba lokacin da yake neman aiki. Mataimakiyarsa albashinta bai wuce kimanin dala 16,000 a shekara ba, kuma ta kwana ne a hanya daga Seattle, ɗaya ƙarshen ƙasar, don ta zo ta kama aiki. Iyalan mamatan suka yi ta zarya a Majalisar Dokoki har Shugaba Barack Obama ya sa hannu kan sabuwar doka a watan Agustan 2010.

Kafin dokar, matashi mai lasisin kasuwanci da awa 250 a sama zai iya zama mataimakin matuƙi a jirgin fasinja. Daga 2013 sai da lasisin ATP, wanda ke buƙatar awa 1,500. An yi rangwame ga wasu: tsohon matuƙin soja awa 750, mai digirin sufurin jirage daga jami'ar da hukumar FAA ta amince da ita awa 1,000, mai karatun shekara biyu awa 1,250. Sai kuma kwas ɗin da ya fara aiki a 2014: awa 30 a aji, awa 10 a na'urar kwaikwayon tuƙi, aƙalla shida daga ciki a babbar na'ura mai motsi wadda ke juyi da girgiza kamar jirgin gaske.

Wannan kwas ɗin, duk da tsadarsa, shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin karewa. Darussansa sun haɗa da halin babban jirgi a can ƙololuwar sama, da yadda ake farfaɗo da shi idan fukafukai suka daina ɗauka, da aiki tsakanin mutum biyu a ɗakin tuƙi. Abin da ya kashe mutanen Buffalo ke nan. Jarrabawar da ake yi a da, ta zaɓi ɗaya cikin amsoshi uku, mutum na iya haddace ta cikin mako guda daga littafin tambayoyin baya, kamar yadda ɗalibai ke yi wa kowace jarrabawa a ko'ina. Tsadar kuma ba ta rasa dalili: babbar na'urar kwaikwayo miliyoyin daloli ake sayenta, shi ya sa ƙananan makarantu ba sa iya ba da kwas ɗin.

Maganar awa 1,500 ce ke da rauni. Matuƙan jirgin Colgan duka biyun sun wuce wannan adadi: kyaftin na da fiye da awa 3,300, mataimakiyar fiye da 2,200. Da dokar tana aiki a wancan daren, ba za ta hana ko ɗayansu zama a kujerarsa ba. Sannan ta yaya matashi ke cike giɓin da ke tsakanin 250 da 1,500? Yawanci ta hanyar koyar da sababbin ɗalibai a ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, ko jan tutar talla a bakin teku, ko sauke masu dirowa da lema, a rana mai kyau, a filin da ya sani kamar tafin hannunsa. Shekara ɗaya zuwa biyu ke nan a kan ƙaramin albashi, bayan ya riga ya kashe kuɗin da a manyan makarantu ya haura dala 100,000, galibi na rance. A Turai matashi na shiga kujerar mataimaki da kimanin awa 200 bayan ya ci jarrabawa 13 da horo mai tsari, kuma jiragen Turai ba su fi na Amurka faɗuwa ba.

To amma masu neman a rage awoyin su ma ba su zo da hannu mai tsabta ba. Ƙananan kamfanonin da ke kukan ƙarancin matuƙa su ne suka shekara da shekaru suna biyan albashin da ba ya riƙe mutum, saboda masu neman aikin sun yi yawa. Da dokar ta rage yawansu, dole albashi ya tashi, wasu kamfanonin ma suka koma biya wa sababbin ma'aikata kuɗin kwas ɗin. A 2022 kamfanin Republic Airways ya nemi a bar ɗaliban makarantarsa su shiga aiki da awa 750 kamar sojoji, FAA ta ƙi. Dokar sabunta ayyukan hukumar ta 2024 ma ta bar adadin yadda yake. Masu kare dokar suna da hujja mai nauyi: daga 2009 sai da aka yi kusan shekara 16 ba a samu babban hatsarin jirgin fasinja na kamfanin Amurka ba, har zuwa karon da aka yi da jirgin soja mai saukar ungulu a birnin Washington a Janairun 2025. Sai dai a cikin waɗannan shekaru an kuma gyara dokar hutun matuƙa, an tilasta horon farfaɗo da jirgi, an kafa rumbun bayanan tarihin kowane matuƙi. Babu wanda zai iya ware rabon awa 1,500 daga cikin wannan nasara ya ce ga shi.

Abin da ya kamata shi ne a auna abin da matuƙi ya iya, a ba awoyin horo mai tsari a na'ura daraja fiye da shawagi a sararin da babu komai, kuma kada a rage ko awa ɗaya sai an nuna abin da zai maye gurbinta. Kuɗin kwas ɗin kuma ya hau kan kamfanin da zai ci moriyar matuƙin, a rubuce cikin doka, don abin da kamfani ya bayar lokacin ƙarancin ma'aikata yana iya janye shi idan kasuwa ta juya.

Lamarin ya shafi 'yan Najeriya kai tsaye, domin baƙon da ke son lasisin ATP na Amurka shi ma sai ya yi kwas ɗin, kuma sau da yawa babu kamfanin da zai biya masa. Dala 5,000 a farkon 2023 kimanin naira miliyan 2.3 ce a farashin gwamnati. A 2024 ta haura miliyan 7, ban da biza da tikiti da masauki. Iyayen da ke shirin tura yaro daga kwalejin Zariya ko ta Ilorin ya ƙaro karatu a can ya kamata su nemi lissafin har zuwa lasisin ƙarshe kafin su sayar da gona, saboda kuɗin da makarantu ke tallatawa yakan tsaya ne a lasisin kasuwanci.

A watan Yulin 2025 Majalisar Dattawan Amurka ta tabbatar da Bryan Bedford a matsayin shugaban FAA. Shi ne ke jagorantar Republic Airways lokacin da ta nemi rangwamen awa 750, kuma da sanatoci suka nemi ya yi alƙawarin barin dokar awa 1,500 yadda take, bai yi ba.