A nuna mana sakamakon gwajin kafin a ce mu ci

Tun kullen korona na 2020 talakan ƙasar nan bai dawo hayyacinsa ba. An rufe Legas da Ogun da Abuja a ƙarshen Maris, Kano ta bi sahu a Afrilu, ɗan dako da mai shayi suka zauna a gida ba ko sisi. A Oktoba, da matasa suka fasa rumbunan ajiya a jihohi, sai ga buhunan tallafi jibge, alhali mutane na kwana da yunwa. Wa zai sake gaskata "gwamnati ta ce"? Abinci kuma ya yi ta tsada, har a 2024 hauhawar farashinsa ta haura kashi 40 cikin ɗari.

Cikin wannan hali ne ake yaɗa irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, wato GMO: waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru, wanda aka amince da shi a 2019, da masarar TELA da aka saki a 2024. Ba na gaba da ilimi. Manomin da tsutsa ta taɓa cinye wa furen wake ya san darajar irin da ke rage masa kuɗin feshi. Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda ake ɗaukar mai ci tamkar dabbar kiwo, a zuba masa kawai.

Duk sabon sinadarin da aka cusa wa shuka yana iya jawo wa wani borin jini: ƙaiƙayi, kumburin leɓe, har toshewar numfashi. Shi ya sa ake gwaji. Ana kwatanta sinadarin da waɗanda aka san suna jawo wannan cuta, a duba ko ruwan ciki na narkar da shi da wuri, in akwai shakka a gwada shi da jinin masu lalurar. Gwajin nan yana aiki. A 1996 ya bankaɗo cewa waken suya da aka sa wa ƙwayar halittar wata gyaɗar Barazil ya ɗauko borin jininta, aka dakatar da shi bai shiga kasuwa ba. A 2000 kuma masarar GMO mai suna StarLink, wadda Amurka ta halatta wa dabbobi kaɗai saboda sinadarinta ba ya saurin narkewa, ta ɓulla a abincin mutane, dole aka janye kaya daga kantuna.

Idan a Amurka iri ya cakuɗe, ina ga kasuwar Dawanau? Can ana juye wake daga buhu goma cikin tudu ɗaya, mai awo ya cika tiya, mai ƙosai ta kai niƙa. Babu tambari, babu takarda. In yaro ya ci ƙosai fuskarsa ta kumbura, uwarsa za ta shafa masa man shanu ta yi addu'a. Wace hukuma ce za ta ji labari?

Hukumar NBMA mai sa ido kan GMO, da aka kafa a 2015, tana cewa an gwada, babu illa. To madalla, a fito da shi! Wane gwaji aka yi, a wane ɗakin bincike, kuma wa ya biya kuɗin? Mutanen da suka binne yara bayan gwajin maganin Trovan a Kano a 1996, suka kuma ƙaurace wa allurar shan inna a 2003 har cutar ta sake bazuwa, ba a lallashinsu da takardar Turanci a taron otal a Abuja. Ɓoye-ɓoyen nan ne ke ciyar da masu jita-jitar cewa irin na hana haihuwa.

A karanta sakamakon da Hausa a gidajen rediyo, masana su zauna a buga musu waya su amsa. A rubuta a jikin kowane buhun iri abin da ke ciki. A koya wa ma'aikatan asibitocin karkara rubuta duk borin jinin da ya biyo bayan abinci, a kuma ba su lambar da za su kai rahoto. 'Yan majalisar wakilai da suka nemi bincike kan GMO a 2024 su ma su faɗa mana abin da suka gano.