Saniyar Turai Ma Ciyawa Take Ci

'Yan'uwa fatake da dillalai, yanzu duk taron da aka kira mu a kan kiwo magana ɗaya ce: damina ta rikice, zafi ya ƙaru, don haka a kawo irin shanun waje a yi wa namu baye ta allura. To, mu da muke wuni a kara, tun daga Abalak har Maigatari, muna da abin cewa.

Ba mu ƙi gyaran iri ba. Tashar Tukunus ta wajen Filinge ta fi shekara 60 tana zaɓen Azawak, kuma kowa ya san yadda bijiminta ke ɗaukar kuɗi. Amma Azawak tamu ce, ta san ƙishirwa, ta san tafiya. Ku tambayi 'yan'uwanmu na Ngaundere labarin Wakwa, inda aka haɗa Gudali da Barahaman na Amurka a shekarun 1950. Girma ya zo, ba shakka, sai dai kirci ya addabi 'ya'yan fiye da yadda yake taɓa Gudali tsantsa.

Mu tuna 1984, mu tuna 2010. Me ya kashe shanu? Yunwa ce. Jar Bororo da Azawak tare suka kwanta, wadda ta kai kasuwa kuwa ba ta sayen buhun hatsi. Saniyar da aka ce tana ba da madara ninkin tamu, cinta ma ya fi na tamu, shanta ma haka. Ina za ta samu? Burtali ya zama gona, mashaya an zagaye ta da lambu, hurumin da ya rage garmani ya cinye shi, ga shi dabba ba ta damu da garmani ba. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa a Nijar, amma wanda ya bi hanyar Dakoro ya san inda gonaki suka kai. Dokar kiwo ta 2010 ta hana tare burtali. Takarda dai tana nan.

Abin da ya yi aiki kuwa a gabanmu aka yi shi, ba da allura ba. Manoman Maradi da Damagaram suka daina sare tohon itace a gona, abin da ake kira sassaben zamani, har fili wajen hekta miliyan 5 ya farfaɗo. Gawo kaɗai ya isa shaida: da rani, sa'ad da komi ya bushe, shi ke da ganye, shi ke zubo da 'ya'ya. Sa nawa ya kai damina albarkacinsa?

Mu ma da laifinmu, kada mu ɓoye. Bijimi mafi kyau a garke shi muke fara tayawa, mu loda shi a tirela sai mahautar Legas, mu bar wa makiyayi ragowa ta yi masa baye. Cikinmu akwai masu kwashe ciyawar daji da kaka su tara, su jira bazara su tsauwala.

Shawararmu ita ce, a taro mai zuwa a yanka wani abu kan kowane kai da aka loda, a sa shi ga dasa alamun burtali, da cire garmani, da yashe rijiyoyin hanya. Shugaban kowace kara ya zo da sunan burtalin da aka toshe a yankinsa, mu kai wa hukumar filaye da sarakuna a rubuce, da sa hannunmu duka.