Ramzi a Kwamfuta: Harafi Ya Shiga, Lissafinsa Ya Tsaya a Waje

A shekarar 2014 ne tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi na duniya lamba a kwamfuta, ya karɓi rubutun Pahawh na al'ummar Hmong, wanda Shong Lue Yang ya ƙirƙira a 1959. Abin lura shi ne, ba haruffa da alƙaluman sifiri zuwa tara kaɗai aka shigar ba, har da tsofaffin alamomin gomiya, ɗaruruwa da miliyoyi, kowace da ƙimarta. Wato an amince cewa lissafin al'umma ɓangare ne na rubutunta.

Wannan darasi ya shafi Ajamin Hausa kai tsaye. An samu ci gaba ta fuskar haruffa: a 2016 an shigar da fa, ƙaf da nun na salon Warshu, sannan a 2020 aka ƙara wasu haruffa domin Hausa da Wolof. Sai dai lissafin da haruffan ke ɗauke da shi bai bi su ba.

A tsangayun karkarar Bichi, Dambatta da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, gafakar malamai na ƙunshe da waƙoƙi da littattafan da aka kwafa da hannu. Sau da yawa shekarar rubutun tana cikin ramzi ne, wato kalmar da jimillar haruffanta ke bayar da shekarar Hijira. Hisabin da malaman ƙasar Hausa suka gada na Magrib ne, ba na Gabas ba. A Magrib shin dubu ne, sin ɗari uku, sad sittin. A Gabas kuwa shin ɗari uku ne, sin sittin, sad casa'in.

A ɗauki shin, ra, ya da ha ƙarami. A hisabin Magrib jimillarsu 1218 ce, shekarar hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Ɗegel zuwa Gudu, wato 1804. Manhajar da ta bi hisabin Gabas za ta ce 518. Kuskuren shekara 700 ke nan, kuma zai bazu cikin kowane kundin bincike da ya dogara da ita.

Maganin ba sai an nemi sababbin haruffa ba, domin harafin ɗaya ne, ƙimarsa ce ta bambanta. Abin da ya kamata shi ne sassan Hausa da Larabci na Jami'ar Bayero, tare da Gidan Ɗan Hausa da Gidan Arewa na Kaduna, su amince da ƙa'ida guda: duk rubutun da aka mayar kwamfuta a ware ramzinsa, a bayyana hisabin da aka bi, a rubuta shekarar da alƙaluma. Haka kuma a sa alarammomin karkara cikin aikin tun suna raye, domin su ne ke riƙe da wannan ilimi da ka.