Abin da Muka Zubar Bai Bar Ladji Ba



Bana da aka ce kowa a ajinmu ya kawo abin da za a sa masa a ɗan littafin ƙarshen shekara, na ce ni a kan leda zan yi rubutu. Aji ya kwashe da dariya. Wata ƙawata ta ce, "Ke kuma! Ana maganar tarihin Sahabbai, ke kina maganar bola?" Na ce mata ta yi haƙuri ta karanta tukuna, in ta gama sai ta ci gaba da dariyar.

Ra'ayina shi ne: mutum yana iya zama a tsakiyar birni irin Kwatano ya rage abin da yake saya da abin da yake zubarwa, da ganin damarsa, tun kafin rashi ya tilasta masa. Kuma mu mutanen Ladji mun fi kowa dalilin yin haka, domin a nan abin da muka zubar ba ya tafiya ko'ina. A kansa muke kwana.

Ba ƙari na yi ba. Unguwarmu tana bakin tabkin Nokuwe. Gidaje da yawa suna tsaye ne a wurin da a da fadama ce, aka yi ta cike ta da shara da yashi har ta ɗauki gini. Waɗansu kuma suna kan sanduna a bisa ruwa, irin na mutanen Ganbiye. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake haƙa rami a unguwar nan ya ga abin da shebur ke fitarwa: baƙar leda, ledar piya wata, tsinkakken silifa, gorar roba. Ɓawon ayaba da ganye sun daɗe da zama ƙasa, amma leda tana nan kamar jiya aka yar da ita.

Ga shi damina biyu gare mu a shekara. Babba tana faɗowa daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da kogin Weme ke sauko da ruwan arewa ya cika tabki. Iyayenmu ba su manta ambaliyar 2010 ba, wadda ta shafi mutum kusan 680,000 a ƙasar Benin, ta taɓa gundumomi 55 daga cikin 77. Ruwan sama na Allah ne, babu mai hana shi sauka. Amma kwatar da ta toshe da leda aikin hannunmu ce. In ruwa ya rasa hanya, ɗakin wa zai nufa? In ya kwanta kuma, sauro ya samu gidan haihuwa, sai mu kwashi kuɗin da ba mu da shi mu kai kantin magani saboda zazzaɓi.

Gwamnati ta yi doka. Doka mai lamba 2017-39 ta ranar 26 ga Disamba 2017 ta haramta ƙerawa, shigowa, sayarwa da yin amfani da ledar da ba ta ruɓewa a duk faɗin Benin. A 2018 kuma aka kafa kamfanin SGDS domin kwashe shara a Kwatano da garuruwan da ke kewaye da ita. Ƙasar Ruwanda ta riga mu, tun 2008 ta hana leda. To amma doka ba ta bin mutum zuwa wurin mai ƙosai. Ni ce nake miƙa hannu in karɓi leda a kan ƙosan dala biyar, in cinye kafin in kai ƙofar makaranta, in sake ta iska ta ɗauka. Ledar ta yi mini aikin minti biyar, sannan ta zauna wa unguwa shekara da shekaru.

Mu yi ɗan lissafi, tunda mun koyi lissafin gado. Ɗalibar da ke shan piya wata biyu a rana, kowace dala biyar, ta kashe dala goma, wato sefa 50. A wata jika ɗaya da rabi ke nan. A shekara sefa 18,250, da leda 730 da ta bar wa ƙasa. Kowa ya ninka da yawan 'yan ajinsu ya gani. Wannan kuɗi na sayen littattafai ne, har da ragowar na takalmi.

Kakata, wadda ta taso a ƙasar Maraɗi kafin aure ya kawo ta nan, takan ce a zamaninsu in za ka sayen fura da ƙwaryarka kake tafiya, in kuwa mai za ka saya da kwalbarka. Ta ce, "Jikata, mu ba mu san wani abu wai shi zubar da mazubi ba. Ƙwarya ko ta fashe ɗinke ta ake yi." Kuma ba sai mun je Maraɗi ba. Maƙwabtanmu har gobe a ganye suke naɗe akasa, ka ci ka yar, akuya ta ɗauka ta cinye lafiya lau. Leda kuwa, ku tambayi mahautan Zongo abin da suke tararwa a tumbin rago da babbar Sallah.

Amma kada a ɗauka leda kaɗai nake nufi. Leda alama ce ta wata ɗabi'a: a saya, a ɗan taɓa, a yar, a sake saya. Ɗabi'ar nan tana cikin akwatin tufafinmu. Kowane biki da ankonsa, na suna daban, na aure daban, na walima daban. Atamfar da aka ɗinka aka sa sau ɗaya sai a ce an riga an gan ta a hoto. Na san gidan da aka kwashi adashi dungurungum aka yi anko da shi, wata bai ƙare ba aka koro yaro daga makarantar boko saboda kuɗin makaranta. Tana cikin wayoyinmu: ta hannu tana aiki sarai, amma ido yana kan ta wane. Tana cikin walimarmu ma. Bara bayan saukar karatu, ni na taya shara. Shinkafar da muka kwashe daga robobin da aka ci rabi aka bari, wallahi ta isa ta ciyar da gida uku. Duk ita da robobin bakin tabki aka kai su.

Na san abin da waɗansu za su ce, domin an riga an faɗa mini.

Na farko, babban yayana ya ce, "Ke, talaka me zai rage? Je ki gaya wa masu manyan motoci a Kajehun, ko Turawan da hayaƙin masana'antunsu ya rikita damina." Yana da gaskiyarsa. Ƙasashe masu arziki sun fi mu ɓarna nesa ba kusa ba. Amma ledar da ta toshe kwatar ƙofar gidanmu ba daga Faransa iska ta kawo ta ba. Kuma almubazzaranci ba a auna shi da yawan dukiya. Mai dala ashirin in ya kashe goma a abin da ba ya bukata, ya ɓarnatar da rabin abin da ya mallaka.

Akwai kuma bambanci tsakanin ragewar dole da ragewar zaɓi, mun kuwa ɗanɗana ta dolen. Da shugaban Najeriya ya cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kpayo da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi ya yi tsalle, kuɗin zem ya bi shi, mutane suka koma taka sayyada suna tsaki. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe gadar Malanbil da Gaya, kayan da ke sauko mana daga arewa suka yi wuya. Abin da na lura a lokacin shi ne, gidajen da dama can ba su saba wa kansu yawa ba su suka fi jurewa. Wanda ya koya wa kansa isa da kaɗan tun yana da hali, ranar tsanani ba ta same shi da bashi a wuya.

Na biyu ya fi yi mini nauyi, domin daga Innata ya fito. Koko da ƙosai take sayarwa, da su take biya mana kuɗin makarantar nan. Da na kawo mata maganar, ta dube ni ta ce, "To Malama, ɗan zem da ya tsaya zai wuce, a hannu zan zuba masa kokon?" Na rasa amsa. Gaskiya ce, ba zan ce ta kori masu saye don a ce 'yarta ta yi rubutu a littafi ba. Amma bayan kwana biyu ita da kanta ta fito da dabara: duk maƙwabcin da ya zo da kwanonsa, ƙarin rabin ludayi gare shi. Yanzu yaran layinmu da kwano suke zuwa, ita kuma ƙunshin ledar da take saya a Tokpa yana ƙara kwana a hannunta. Ba ta daina leda ba, ta dai rage. Ni kuwa ragewar nake roƙo.

Na uku, wani dattijo ɗan kasuwa ya ce da ni cikin raha, "'Yata, in kowa ya daina saye, mu da muke zaune a Dantokpa da Misebo mu ci me?" Na ce, "Baba, kuɗin ai ba rami za a haƙa a binne shi ba." Zai koma hannun telan da ya rage wa ƙanwata rigar da ta yi mini kaɗan, da mai gyaran takalmi, da yaron da ya koyi gyaran waya, da mai saƙa kwando. Su ma 'yan unguwa ne, su ma a kasuwar za su kashe. Gwanjon Misebo ma shaida ne a kan maganata: tufafin da waɗansu a Turai suka gaji da su tun ba su tsufa ba, su ake ɗaurowa dila-dila a jirgin ruwa a kawo mana. Kada mu ma mu koyi halin da ya sa suka zubar.

Na huɗu, game da ruwa. Wata ta ce ita piya wata take sha don tsoron ciwon ciki. Wannan ban musa ba ko kaɗan. Babu mai hankalin da zai ce a sha ruwan rijiyar da ke kusa da tabki ko masai don gudun leda, alhali mun san kwalara. Abin da nake cewa shi ne, wanda ke samun ruwan famfo, ko yake iya tafasa nasa, ya cika gora tun daga gida. Wanda ba shi da hali ya sha ledarsa, amma ya riƙe ta har ya samu inda ake tara shara. Kada kuma a hura gawayi da ita, hayaƙin nan ƙirjin mai girki da na goyon da ke bayanta yake shiga.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a makarantarmu. Tun muna ƙanana muka karanta a Ahalari cewa ƙaranta ruwa yana daga cikin mustahabban alwala. Malam ya gaya mana Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da mudu ɗaya yake alwala, abin da bai kai lita guda ba. Mu kuwa sai mu saki famfo yana zuba muna hira. Suratul Isra'i ta haɗa hani biyu wuri guda, na almubazzaranci da na ƙanƙame hannu. Saboda haka ba rowa nake kira a yi ba. Marowaci yana hana wa mutane don ya tara wa kansa. Mai ƙana'a kansa yake ragewa, shi ya sa kullum yake da abin ba wani. Malamanmu suna ba mu labarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Sakkwato a 1817, cewa duk da ƙasar da ke ƙarƙashin tutarsa tufafinsa ƙididdigaggu ne, kuma da tufkar igiya yake neman na kansa. Ba rashi ya sa shi haka ba. Zaɓa ya yi.

To ga roƙona, kuma ban roƙi abin da ya fi ƙarfinmu ba. Mu ɗalibai, kowa ya riƙa zuwa da gorarsa. In Inna ta aike mu kasuwa mu ɗauki kwando ko jaka, in mai kaya ya miƙo leda ta biyu mu ce, "Bar ta, na gode." Abin da ya lalace a fara kai shi wurin mai gyara kafin a yi maganar sabo. Ga iyayenmu mata, cikin ladabi, a gwada biki ɗaya babu anko a ga ko auren ba zai ɗauru ba. Ga malamanmu da kwamitin iyaye, walimar saukar bana a zuba abinci a manyan faranti a ci tare kamar yadda muka gada, ruwa a randa ko bokiti mai murfi, kowa da kofinsa, abin da ya rage a kai wa mabukata tun da zafinsa. Wanke-wanken ku bar mana, ni ce ta farko a bakin baho.

Zan faɗi gaskiya, abin da ya fi wuya a cikin wannan duka shi ne bakin mutane. Da ƙaramar Sallah na maimaita shaddar bara, Inna ta sa aka canja mata wuya kawai. Na ji abin da aka faɗa a bayana, ya kuma yi mini zafi har na yi kuka a ɗaki. Amma kuɗin da aka tanada domin ɗinkin shi ya sayo yashin da aka ɗaga dokin ƙofarmu da shi, kuma a watan Yuni ruwa ya zo ya tsaya a waje. Masu maganar sun daɗe da mantawa da abin da na sa. Hausawa sun ce wanda ya daka rawar wani zai rasa turmin daka tasa.

Ƙawata mai dariya, in kin kawo nan, ina jiran ki ranar Asabar da gorarki. Inda na yi kuskure malamaina su gyara mini. Allah Ya sa mu dace, Ya tsare mana unguwarmu daga ruwan bana.

Wassalamu alaikum.

'Yar'uwarku, ɗaliba a ajin ƙarshe