Ido Ba Mudu Ba: Yadda Masu Tseren Jirgi Mara Inji Ke Sanin Gudunsu



Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala da yamma zai iya tuna yadda shirwa ke shawagi ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Idan iska ta bugi gangaren dutse ba ta da hanya sai sama, tsuntsuwar kuma sai ta kwanta a kanta. To, da irin wannan iskar ce ake tseren ƙananan jiragen sama marasa inji, waɗanda ake tuƙa su da rimot daga ƙasa, musamman a ƙasashen Turai. Sunan wasan F3F a tsarin hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, kuma an yi gasarsa ta duniya ta farko a 2012 a tsibirin Rugen na Jamus.

Ƙa'idar ba wuya. Ana kafa alama biyu a bakin gangare, tsakaninsu mita 100. A jefa jirgin, wanda faɗin fikafikansa kan kai wajen mita 3, matuƙi ya samu daƙiƙa 30 na neman tsayi, sannan ya shiga fili ya yi ta kai da komowa har sawu 10, wato mita 1,000 ke nan. A kowace alama akwai alƙali da ke danna ƙararrawa da zarar jirgin ya tsallake. Wanda ya gama cikin daƙiƙa 40, gudunsa mita 25 ne a daƙiƙa, kilomita 90 a awa. Gwanaye kuwa, in iska ta yi kyau, sukan gama a ƙasa da haka.

Ranar gasa komai na tafiya daidai, ga alƙalai ga agogo. Matsalar tana ranar atisaye, lokacin da matuƙi yake shi kaɗai a kan dutse. Hannuwansa biyu na kan rimot, idonsa na kan jirgi, in ya sunkuya duba agogo sai dai ya tsinci jirginsa a tarwatse. To yaya zai san ko ya ƙara gudu ko bai ƙara ba?

Za ku ce ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan dai ido maƙaryaci ne. Jirgin da ya wuce kusa da kai yana fito, sai ka rantse ya fi wanda ya wuce nesa gudu, alhali gudunsu ɗaya.

Wasu kan ɗora wa jirgin 'yar na'urar GPS, ta riƙa aiko da bayani zuwa rimot, rimot ɗin kuma ya faɗi lambar da murya. Sai dai GPS takan ɗan makara, ga shi a wannan wasa kowane sawu bai wuce daƙiƙa huɗu ba. Kafin muryar ta gama faɗin lamba jirgin ya riga ya juya. Wasu kuma kan sa ɗan siririn bututu a jikin jirgin, irin wanda wani Bafaranshe, Henri Pitot, ya ƙirƙira a 1732 don auna gudun ruwan kogi. Shi yana auna gudun jirgi a cikin iska ne, GPS kuma gudunsa a kan ƙasa, don haka in ana iska lambobinsu ba za su zo ɗaya ba. Akwai kuma na'urar rada irin ta kama direbobi masu gudun wuce sa'a. Da ita aka auna jirgi mara inji na Spencer Lisenby a 2021 a Kalifoniya ta Amurka, yana kilomita 882 a awa, amma a wani salon tuƙi daban da ake yi a bayan dutse.

Ni dai a ganina duk waɗannan na'urori rabin amsa suke bayarwa, domin ba gudu kaɗai ke cin tseren ba. Ku ɗauko biro. A sawu 10 akwai kwana 9. A ce a kowace kwana matuƙi ya zarce alama da mita 5 kafin ya juyo: 5 zuwa, 5 dawowa, mita 10 a banza. Sau 9, mita 90. A gudun mita 25 a daƙiƙa, ya zubar da daƙiƙa 3.6 ke nan, alhali GPS na ta yi masa albishir da babbar lamba. In kuma garaje ya sa ya juya kafin alama, ƙararrawa ba za ta kaɗa ba, dole ya koma ya tsallake. Shi ya sa abokai biyu a kan alamomi da na uku riƙe da agogo, ko kyamara da aka saita a kan alamar a duba bidiyon daga baya, suka fi faɗa masa gaskiya.

Ko lokacin ma sai an haɗa shi da yanayin iska. Daƙiƙa 45 a iska mai rauni na iya fin 40 a iska mai ƙarfi nuna gwaninta. Don haka mai atisaye da gaske yakan rubuta ƙarfin iska kusa da kowane lokaci, da yawan nauyin da ya ƙara wa jirgin.

Satin da ya wuce ni da abokin ɗakina muka gwada abin da keke a filin ƙwallo: dutse biyu, tsakaninsu taku 100, sawu 4. Na taka feda iya ƙarfina, iska na kaɗa min riga, na sauko ina cika baki. Shi kuwa ya tafi a natse yana karya kwana daidai kan dutsen. Agogon waya ya ce ya riga ni da daƙiƙa 6. Har yau yana min dariya.

Ku ma ku gwada a filin makarantarku, da izinin malamin wasanni. Kowa ya fara faɗin lokacin da yake zaton ya yi kafin a nuna masa agogo, ku rubuta lambobin biyu ku aiko mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.