Kicin Ɗin Ɗalibai: Kwaɓi Ɗaya, Ƙamshi Huɗu

Yau kek za mu gasa, amma farin kek wanda ba a sa masa komai ba, irin wanda za ku mayar na lemo ko na kwakwa ko na ayaba da ɗigon man filebo kawai. Duk wanda ya iya wannan kwaɓin ya huta da haddar girki goma, ko a jarrabawar girki ta makaranta, ko a 'yar sana'ar da wasunku ke yi don rage wa iyaye nauyin kuɗin littafi.

Mu ma sai da muka sha wuya kafin mu gane. Akwai ranar da muka tuttula murfin kwalba guda na filebon ayaba a cikin kwaɓi, muna ganin yawansa shi ne daɗinsa. Kek ya tashi, ya yi kyau a ido, amma ko ƙannenmu masu kwaɗayi loma ɗaya suka yi suka ajiye saboda ɗaci. Fulawa da bota da ƙwai biyar suka tafi a banza. Tun daga ranar muka koma ƙirga ɗigo.

Ma'aunin ba wuya: nauyi ɗaya na abu huɗu. Fulawa giram 250, sukari giram 250, bota giram 250, sai ƙwai biyar matsakaita, waɗanda in an fasa su sukan kai kusan giram 250. A ƙara ƙaramin cokali biyu na bekin foda, ɗan gishiri, da babban cokali biyu zuwa uku na madara. Tsohon ma'auni ne. Turawan Ingila sun daɗe suna yin sa da laba guda-guda na kowane abu, wato kimanin giram 454, Faransawa kuma sunan da suka ba shi yana nufin rubu'i huɗu.

Da farko ku bar bota ta yi laushi, amma kada ta narke ta zama ruwa. Ku zuba ta da sukari a roba mai tsabta, ku yi ta bugawa da muciya har kwaɓin ya yi fari ya yi sauƙi; da hannu yakan ɗauki minti goma ko fi. Ƙwayoyin sukari ne ke huda botar suna cusa mata iska, wannan iskar ce tushen laushin kek. Sai ku riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya a wani kofi daban, ku duba lafiyarsa, sannan ku zuba ku buga. Ruɓaɓɓen ƙwai guda ya isa ya kashe kwaɓi duka.

Ku tankaɗe fulawa da bekin foda da gishiri da rariya, ku zuba kashi-kashi kuna juyawa a hankali. Da zarar fulawa ta ɓace a cikin kwaɓin, ku tsaya. Fulawar alkama tana da sinadarin gulutin wanda ke yin danƙo in an dame ta da juyi. Shi ake nema a burodi, a kek kuwa tauri yake kawowa. Shi kuma bekin foda, wanda wani masanin haɗa magunguna mai suna Alfred Bird ya ƙirƙiro a birnin Birmingham a 1843, haɗin soda ne da sinadari mai tsami. In ya sami laima da zafi sai ya saki iskar kabon dayoksaid, ita ce ke kumbura kwaɓin. Kun ga darasin kimiyya ya biyo mu har kicin.

Yanzu ga inda wasan yake. Ku raba kwaɓin gida huɗu. Kashi ɗaya ku bar shi haka nan, shi ne ma'aunin da za ku gwada sauran da shi. Sauran ukun kowanne ku ba shi ƙamshinsa. Man filebo ya fi filebon ruwa ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka ku fara da ɗigo uku zuwa biyar a kowane kashi. Ku ɗiga shi a ƙaramin cokali na narkakkiyar bota kafin ku juya, domin mai da mai ne ke haɗuwa, ta haka ƙamshin zai ratsa ko'ina. Na na'a-na'a ya fi kowanne kaifi, ɗigo biyu ya ishe shi. In kwaɓin duka za ku yi wa ƙamshi ɗaya, rubu'in ƙaramin cokali ya wadatar, kuma tun wajen buga bota za ku sa.

A nan muna jan kunnenku. Ba kowane mai mai ƙamshi ake ci ba. Man turaren da ake haɗa humra da turaren wuta da sabulu yakan zo a ƙananan kwalabe masu kama da na filebo, wani ma da sunan lemo ko banila a jikinsa, amma cin sa na iya cutarwa. Ku karanta jikin kwalba: a ga an rubuta na abinci ne, a ga lambar NAFDAC, a ga ranar ƙarewar aikinsa. Wadda ba rubutu a jikinta, ku bar ta a kasuwa komai arharta.

Ku shafa bota a gwangwani, ku barbaɗa fulawa, ku zuba kwaɓi ya tsaya kashi biyu cikin uku. Masu oben su ɗumama shi tukuna zuwa digiri 180; ƙananan gwangwani minti 20 zuwa 25, babba kuwa minti 40 zuwa 50. Wanda ba shi da oben ya zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, ya rufe ya bar shi ya yi zafi kamar minti 15, ya jera gwangwanayen a kai, ya rage wuta, ya ɗora garwashi kaɗan a kan murfin. Kada a riƙa leƙawa a minti 15 na farko, iska mai sanyi na sa kek ya faɗa. In kun soka tsinke ya fito a bushe, ya gasu. Aikin wuta kuma a yi shi da sanin Umma ko wani babba a gida.

Ku bari ya huce sosai kafin ku yanke hukunci, don ƙamshi yakan daidaita bayan sanyi. Ku ba mutanen gida su ɗanɗana ba tare da kun faɗa musu wanne ne wanne ba, sannan ku rubuta a littafi: ƙamshi kaza, ɗigo kaza, abin da aka ce. Masu niyyar sayarwa su haɗa da kuɗin kaya da na gawayi, su raba da yawan kek ɗin da suka samu, kafin su yanka farashi.

Wanda ya gwada ya rubuto mana ƙamshin da ya ci gasa a gidansu da yawan ɗigon da ya sa. Sai mun haɗu mako mai zuwa, a yi karatu lafiya.